Daga Kan Jigayin Dagona Ana Hangen Kwarin Kogin Yobe

Duk wanda ya taso a gindin duwatsun Jos, ko ya saba da hawan Dala da Goron Dutse a birnin Kano, idan aka ce masa akwai wurin hawa a tsakanin Nguru da Gashuwa, murmushi zai yi. Yana da hujja kuwa, domin ƙasar arewacin Jihar Yobe shimfiɗe take kamar tabarma, har mutum ya yini yana tafiya bai tsinci ko dutsen jifa ba. Amma fa a irin wannan ƙasa ɗan tudu ma ya isa a kira shi dutse. Jigayin rairayi da ke kudu da titin Nguru zuwa Gashuwa tsayinsu 'yan mitoci ne kawai, wasunsu ko kan goruba ba su kai ba, to amma wanda ya hau ɗaya daga cikinsu da safiyar hunturu zai hangi abin da mai mota ba ya gani daga kan kwalta, watau kwarin kogi mai faɗin gaske, da tafkuna birjik, da kurmin gabaruwa tsaye a cikin ruwa.

Wannan kwari shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Koguna biyu ne suka haife ta. Kogin Jama'are ya gangaro ne daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauci, shi kuwa kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano ne da na Calawa. Muddin suna bin ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, kowannensu yana tafe a hanya guda. Da zarar sun shigo kwarin Cadi, inda babu komai a ƙasa sai rairayi da yumɓu, sai su tarar da jigayi a jere, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, watau daidai da yadda iskar hunturu ke kaɗawa. Iska ce ta tara su tun dubban shekaru da suka wuce, a wani zamani da hamada ta taɓa mamaye wannan yanki. Ruwa ba ya iya ƙetare su, don haka sai ya rarrabu, ya bi ta tsakankaninsu, ya cika kowane kwari, ya zama rassa da tafkuna ba iyaka. Sai can dab da Gashuwa ne rassan ke sake haɗuwa su zama kogi guda, wanda Barebari ke kira Kumadugu Yobe.

Saboda haka manomin wannan ƙasa gona biyu gare shi, ta tudu da ta fadama. A tudu yana shuka gero da wake da damina, a fadama kuma shinkafa, in ruwa ya janye ya bi danshi da wake ko kayan lambu. Mai tafiya a ƙasa kuwa, tsakanin waɗannan biyun yake ta hawa da sauka.

HANYAR DAGONA

Daga Nguru zuwa Gashuwa tafiyar kilomita sittin da 'yan kai ce a mota, ta Jajimaji. Mai son ganin kurmi yakan ratse daga wannan titi ya yi kudu zuwa ƙauyen Dagona a ƙaramar hukumar Bade. Tafkin Dagona da dajin da ke kewaye da shi suna cikin Gandun Dajin Ƙasa na Kwarin Cadi, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991, shekarar da aka cire Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Barno. Gandun yanki uku ne, na Cingurmi-Duguma a Barno, da na Bulatura a ƙasar Yusufari, da kuma wannan na Bade da Nguru mai faɗin murabba'in kilomita 938. Tun da yake wuri ne mai doka, baƙo ba ya faɗa masa haka nan kawai. Sai ya nemi izinin ma'aikatan gandu, kuma daga gare su ne zai ji halin da hanya ke ciki ta fuskar ruwa da ta tsaro.

Kada mai karatu ya zaci wata hanya ce da aka share aka kafa mata alluna, irin waɗanda ake yi wa masu yawon hawan duwatsu a Turai. Turba ce ta makiyaya da masunta da mata masu itace. Tana sauyawa kowace shekara gwargwadon inda ruwa ya kwanta, shi ya sa ɗan jagora daga ƙauye ya fi kowace taswira amfani. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da laka ta fara bushewa amma tafkuna ba su ƙafe ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, wanda kuwa ya ce zai taka rairayi da tsakar rana a wannan lokaci, kansa ya cuta.

Da asuba ake fita. Farkon tafiya ta cikin gonakin tudu ne, inda karan gero ke tsaye bayan girbi, ga gawo nan da can ya yi kore shar a lokacin da sauran itatuwa ke zubar da ganye. Shi dai gawo halinsa ke nan, da damina ya kaɗe, da rani ya tofo, don haka ba ya hana shuka samun rana, kuma dabbobi na taruwa a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar wa mai gona taki. Daga nan ƙasa ta fara tashi a hankali. Hawan jigawa ba ya da tsawo amma yana cin ƙafa, domin rairayi na zamewa a ƙarƙashin mutum, taku uku ya zama biyu. Ga kuma ƙarangiya, wadda ba ta san babba ba, tana kama ƙafar wando da zani. A jikin tudun akwai sabara da kalgo da aduwa da magarya, da dakwara wadda ake samun ƙaro a jikinta, sa'an nan jefi-jefi wata tsohuwar kuka, wadda sau da yawa alama ce ta kufai.

A bisa ƙoƙuwar tudun ne ido ke buɗewa. Idan hazo bai yi kauri ba, ana ganin layi uku a jere kamar an ja su da zare. Na farko goruba ce, ta yi jerin gwano a gindin tudu, inda saiwarta ke samun ruwa kusa. Na biyu duhun gabaruwa da giyayya ne, a wurin da ambaliya ke kwanciya wata biyu ko uku. Na uku kuwa shi ne ruwan kansa, ga bado ya rufe gefensa, ga jiragen masunta kamar tsinke a tsakiya. Can ƙetare sai wata jigawar kuma, da ƙauye a kanta, domin a wannan ƙasa babu mai gina gida sai a tudu. Da za a tsaya a nan a watan Satumba, da sai a ga kowane ƙauye ya zama tsibiri.

Saukowa cikin kurmin wata duniya ce dabam. Iska ta yi sanyi, ƙasa ta koma baƙar laka mai tsattsagewa, sawun shanu ya bushe a cikinta ya zama ramuka masu karya ƙafa. A jikin kowace gabaruwa akwai zobe mai duhu wanda ke nuna iyakar inda ruwa ya kai a daminar da ta wuce, a wani wuri iya gwiwa, a wani wurin har ƙirji. Mutanen wurin ba sa bukatar ma'auni, wannan zoben suke dubawa su faɗi ko shekara ta yi ruwa. Gabaruwa itaciya ce mai sharaɗi. Tana son ruwa ya zo ya kwanta a gindinta, kuma tana son ya tafi. Idan ambaliya ta daina zuwa, ƙananan ba sa tsirowa, manyan kuma su bushe a tsaye. Idan kuma ruwa ya zo ya ƙi janyewa shekara da shekaru, saiwa ta ruɓe, nan ma ta mutu. Duk labarin wannan kwari a cikin sharaɗin nan yake.

Amfaninta kuwa ba ya ƙidayuwa ga wanda ya san sana'a. Da 'ya'yanta majema ke jeme fata, itacenta kuma yana da nauyi, yana jan wuta, shi ya sa masu gatari suka fi ƙaunarta. Ita ma goruba haka take, 'ya'yanta abin tauna ne, kabarta kuwa ita ce tabarma da igiya da faifai da ake kaiwa kasuwannin nesa.

BAƘIN HUNTURU

Abin da ya fitar da sunan Dagona a duniya shi ne tsuntsaye. Akwai 'yan gida waɗanda kowa ya sani, irin su kirinjijiya mai fito in ta tashi, da dinya, da zalɓe mai tsayuwar haƙuri a bakin ruwa, da balbela a bayan shanu, da kwasakwasa, da gauraka wanda yanzu ganinsa ya yi wuya. Akwai kuma baƙi. Idan sanyi ya rufe Turai da yammacin Rasha, wasu ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa sukan taso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, kuma ruwa mai yalwa na farko da suke tararwa a kudancin hamada shi ne irin wannan fadama, da Tafkin Cadi, da fadamar kogin Kwara a ƙasar Mali. A nan suke yin hunturu su yi ƙiba, kafin su juya gida wajen watan Maris. An rubuta sunayen tsuntsaye iri fiye da 370 a fadamar Haɗeja da Nguru, kuma ƙidayar da aka yi a watan Janairu na 1997 ta haura tsuntsayen ruwa 320,000.

Saboda su ne aka kafa aikin kare fadamar a 1987, da haɗin gwiwar ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, da wasu ƙungiyoyin masu kula da tsuntsaye na Ingila. Saboda su ne kuma Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989 yana shugaban asusun kare namun daji na duniya. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma, mai faɗin hekta 58,100, cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Tafkin Dagona ya bi sahu a 2008.

Ba abin mamaki ba ne idan masunci ya tambaya, shin tsuntsu ya fi mutum ne da za a taso daga Ingila dominsa? Tambaya ce mai ma'ana, amsarta kuma ita ce ruwan da ya tara tsuntsaye shi ne dai ya tara tarwaɗa da karfasa da bargi, shi ne ya fitar da ciyawar da Fulani ke kawo shanu su ci da rani, shi ne kuma yake nitsewa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Ranar da agwagin Turai suka daina sauka, to, masunci ya riga su jin jiki.

INDA AKE YANKE HUKUNCIN RUWA

Daga kan tudu mai lura zai ga abu biyu da ba su yi daidai da sauran ba. Ta wani gefen ga fili fetal, ga kututture, alamar dā kurmi ne. Ta wani gefen kuma ga wata doguwar ciyawa ta yi duhu, ta fi tsayin mutum, ta rufe ruwa har ido ba ya ganin iyakarta. Wannan ita ce kacala. Dukansu biyu asalinsu guda, kuma ba a Yobe yake ba.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma ta Calawa. An gina su ne domin birnin Kano ya sha, domin kuma noman rani na Kadawa da na kwarin Haɗeja, kuma babu mai musun cewa dubban iyalai na cin abinci daga gare su. Sai dai madatsa tana sauya halin kogi. A dā ruwa yakan zo da ƙarfi a Agusta da Satumba ya malale ko'ina, sa'an nan da rani kogin ya ƙafe ƙaf. Bayan madatsun sai ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani kuma ya ƙaru, tun da ana sakin sa kaɗan-kaɗan domin masu ban ruwa. Ga kuma farin 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984, da suka haɗu da wannan sauyi. Fadamar da a ƙarshen shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 nata, a 1993 abin da ya rufe bai kai 500 ba.

Ita kacala ba baƙuwa ba ce, tana nan tun dā, amma rani ne ke kashe ta kowace shekara. Da ta sami ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, sai ta yi gida. Ta toshe rassan kogi, laka ta taru a gindinta, ruwan Haɗeja ya rasa hanyarsa ta zuwa Gashuwa, mafi yawansa ya karkata ta mashigin Marma zuwa Tafkin Nguru. Sakamakon haka sai ga abin takaici, ƙauyukan wajen Nguru gonakinsu sun nitse shekara da shekaru, na wasu rassan kuma suna kallon busasshen kwari. Cikin kacalar ne jan baki ke kwana su wayi gari a gonar shinkafa, nan ne kuma sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya ke hayayyafa. An sha kai injuna a yashe hanyoyin ruwa, jama'ar ƙauyuka ma sun sha yin gayya da lauje da adda suna tsaye cikin ruwa har wuya, amma muddin ruwan rani bai yanke ba, ciyawar takan dawo.

Tun farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka gwada shi da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Suka tarar idan da yawan ruwan da kowanne ya sha za a yi lissafi, fadamar ta yi wa aikin gwamnati fintinkau. Wannan bincike na daga cikin hujjojin da masu adawa da madatsar Kafin Zaki ke kafawa, wadda aka daɗe ana shirin ginawa a kan kogin Jama'are a Jihar Bauci. Dalilinsu a fili yake, yau kusan duk ruwan da ke wucewa ta Gashuwa na Jama'are ne, domin shi ne kogin da ba a ɗaure ba tukuna. A 2006 jihohin da ke cin moriyar waɗannan koguna suka kafa asusu na haɗin gwiwa domin kula da rabon ruwan. Tunani ne mai kyau, ko da yake asusu ba ya buɗe ƙofar madatsa, sai wanda mabuɗi ke hannunsa ya yarda. Kuma kada a ɗauka ambaliya ta ƙare, a shekarar da sama ta yi yawa irin 2022 ruwa ya ci gidaje da gonaki daga Haɗeja har Gashuwa.

Laifin ba na madatsa kaɗai ba ne. Motocin itace sun daɗe suna fita daga wannan kwari zuwa Kano da sauran birane, kuma mai sayen itace a birni ba ya tambayar daga wane kurmi aka saro. Talakan da gonarsa ta nitse cikin kacala, ko ta bushe, in ya ɗauki gatari da wuya a ga baƙinsa. Amma gabaruwar da aka sare cikin sa'a guda, shekaru ta yi tana girma, kuma ba za ta maye gurbinta ba sai ambaliya ta zo ta tafi a kan lokaci.

GOGARAM DA GADAR GASHUWA

Wanda ƙafarsa ke da sauran ƙarfi, kuma yake da kwanaki a hannu, yana iya miƙawa kudu zuwa dazuzzukan Zurgum Baderi da Gogaram. Gogaram, a ƙaramar hukumar Jakusko, ita ce tsohuwar hedkwatar Badawa. Lawan Babuje ne ya gina ta da ganuwa wajen 1825, ya haɗa kan Badawa suka tsaya da ƙafarsu a tsakanin Barno ta gabas da Haɗeja ta yamma. Wanda ya taka wannan ƙasa da ƙafarsa zai gane dalilin da ya sa ƙaramar al'umma ta iya wannan tsayuwa, domin doki ba ya sukuwa a laka, kuma rundunar da ba ta san mashigi ba ruwa ne zai ci ta kafin kibiya. Sai a 1946 aka mayar da gadon sarautar Mai Bade zuwa Gashuwa, amma har yanzu a Gogaram ake bikin kamun kifi na Mauyi Ganga. Harshen Badanci kuwa ɗan'uwan Hausa ne na nesa, dangi guda suke a cikin harsunan Cadi, ba kamar Manganci na mutanen Nguru ba, wanda reshe ne na Barbarci.

Mai son tudu na gaske, wanda zai sa shi haki, sai ya yi arewa maso gabas zuwa Bulatura a ƙasar Yusufari, inda tsaunukan rairayi ke kewaye da ƙananan kwaruruka masu dabino da goruba da kanwa. Wannan tafiya ce ta daban, ta hamada, kuma babu kogi a ƙarƙashinta.

Ita tafiyar kwari a gadar Gashuwa take ƙarewa. A nan ne duk ruwan da ya tsira daga madatsu da kacala da zafin rana yake taruwa a hanya guda, kuma a nan ma'aikata suka daɗe suna auna shi. Da kaka kogin cike yake, masu jirage na ta kai da kawowa, amma zuwa bazara sai ya tsuke, yara na wasa a kan rairayin tsakiyarsa. Daga nan ya nufi Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ya shayar da masu noman tattasai na jihar Diffa da masu shinkafa na Damasak, kafin abin da ya rage ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Bosso.